Kujerar Matar Gumiye

Hutun nasu ne, ni aikina bai canza ba don mun ƙetare teku: in tashi Kulu, in yi mata wanka, in ba ta abinci, in bi ta a baya kada ta faɗa ruwa. Sunanta na gaskiya Kilodin, bakina ne ya kasa, na mayar da ita Kulu, ita ma ta karɓa. 'Yar likitan dabbobin Tanut ce, wani annasara da muke ce wa Mushe kawai, matarsa kuma Madam. Na shiga gidansu aikin raino bayan rasuwar mijina, Kulu tana jaririya, tawa 'yar, Ladi, an yaye ta ke nan. Na bar Ladi wurin innata a ƙauyenmu, gefen Ollelewa, ina zuwa ganinta in an sami mota. 'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai, lokacin annasaru ba su gama watsewa daga barikin Tanut ba.

Da farkon damina suka ce za su gida hutu, kuma da ni za su tafi, don Kulu ba ta cin abinci a hannun kowa. Aka yi wa inna alkawarin zan dawo kafin a yanke hatsi. Muka zauna gidan uwar Madam, a wani gari bakin teku inda rana ba ta son faɗuwa, har lokutan salla suka rikice mini. Wata da watanni ban ji Hausa a bakin kowa ba sai Kulu, ita ma kakarta tana tsawata mata in ta yi. Ganye ya fara zuba, sanyi ya shigo, ban ga ana ɗaure kaya ba. Wata safiya Mushe ya kira ni, da karyayyar Hausarsa ya ce an ba shi aiki a can, ba za su koma Nijar ba. In ina so in zauna, za su riƙe ni. In ba na so, su sa ni a jirgi. Na ce ina da uwa, ina da 'ya. Ya ce ya sani.

Ranar tafiya Madam ta fita da Kulu tun da sassafe, wai za a sayo mata takalmi. Na gane dalili, ban yi musu ba. Na ninke rigunanta da na wanke, na jera a kan gado, na ɗauki akwatina.

A filin jirgin Pari Mushe ya ba ni ambulan mai kauri. Ya ce biye biyu ne a ciki, wato tikitin jirgi, ɗaya na zuwa Yamai, ɗaya daga Yamai zuwa Damagaram, sai kuɗin aikina da na mota. Sannan ya fito da wani kwali da ya yi wa rubutu, ya zura masa zare, ya rataya mini a wuya. Ya ce sunana ne da inda za ni, in na rasa hanya in nuna wa kowa. Na ji kunya, don a Tanut buhunan maganin shanu na ga ana rataya wa irin wannan. Amma ban iya karatu ba, Faransancina kuma na ɗakin yara ne: zo, ci, kwanta, bari. Na bar kwalin a wuyana. Ya miƙo mini hannu, ya ce in gaida inna. Na bi bayan wata ma'aikaciya mai 'yar ƙaramar hula, ban waiwaya ba.

Lokacin zuwa ma a jirgi muka zo, amma ban san na hau ba, don Kulu tana kan cinyata tana amai tana kuka, ban sami sararin jin tsoro ba. Wannan karon na rasa inda zan ajiye hannuwana. Jirgin duk annasaru ne, sai baƙaƙe 'yan kaɗan masu kwat suna karanta jarida. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ko zan ga mai tsagar gida, ban gani ba. Na kusa da ni wani tsoho ne mai jan hanci. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya juya wa taga. Aka kawo abinci a faranti mai ɗakuna, da wani nama jaja-jaja. A gidan Madam na san tukunyar da ta taɓa alade da wadda ba ta taɓa ba, nan kuwa ba wanda zan tambaya. Na ci burodin, na sha ruwa, na mayar da sauran.

Ba mu yi nisa ba muka sauka a wani gari, shi ma bakin teku, na ji suna ce masa Marsai. Aka sauke mu duka, aka kai mu wani zaure mai bangon gilashi. Aka yi magana ta lasifika, mutane suka hau tsaki, wasu suka taso wa ma'aikata da faɗa. Ni ban san abin da aka ce ba. Abin da na gani shi ne an kafa tsani a jikin fiffiken jirginmu, wasu masu shuɗin kaya sun buɗe cikinsa. Sai na sa wa tsohon nan mai jan hanci ido: in ya tashi in tashi, in ya zauna in zauna. Saura kaɗan in bi shi bayan gida.

Azahar ta wuce, la'asar ta kusa. Na rasa gabas, na rasa inda zan shimfiɗa mayafi. Ina tsaye a lungu ina jan carbi sai wata tsohuwa mai sharar wurin ta tsaya da tsintsiyarta. Balarabiya ce, da shuɗin zane a goshi da haɓa. Ta dubi carbin, ta yi mini sallama. Na amsa. Ta ja hannuna zuwa ɗan ɗakin da take ajiye bokitai, ta buɗe mini famfo, ta shimfiɗa kwali a ƙasa, ta nuna mini bango da yatsa. Na yi salla tsakanin tsintsiyoyi da warin sabulu, ita tana tsaye a bakin ƙofa kamar mai gadi. Da na idar ta zaro dabino daga aljihu ta zuba mini a tafi, ta rufe hannuna da nata. Ta yi maganganunta da Larabci, na yi nawa da Hausa, kowacce tana gyaɗa wa 'yar'uwarta kai. Ban san sunanta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Gyaran bai ƙare ba sai washegari. Suka kwanar da mu a otel, ni kuwa a kujera na kwana da takalmina a ƙafa, don kada a tafi a bar ni.

Da hantsi muka tashi. Teku, sai duwatsu, sai rairayi. Tsohon ya yi barci, na riƙa leƙe ta kan kafaɗarsa. Rairayi ne ja, ba itace, ba rijiya, ba ko sawun raƙumi, har rana ta karkata. Ina ta ce wa raina ko wannan ne Tenere da Buzaye ke ba da labari, ko yanzu muna bisa Agadas, ko wancan ɗigon baƙi Tanut ce. Ban ma san ko ta nan hanyar ta bi ba. Amma na ji kamar in je in ce wa direban ya tsaya in sauka, sauran na ƙarasa da ƙafa. Na yi ta tunanin hatsi, ko an yanke, ko wa ya taya inna ɗauka, ko Ladi ta yi wayon korar tsuntsu. In na rufe ido ina neman fuskar Ladi, sai ta Kulu ta fito. Wannan ya dame ni fiye da yunwar.

Da aka buɗe ƙofa a Yamai zafi ya doke ni a fuska, na ji daɗinsa kamar ruwan wanka. 'Yan duwan, masu binciken kaya, suka buɗe akwatina, suka jujjuya zannuwana da bargon da na sayo wa inna, suka goga masa alli. Kowa da mai tarbarsa. Kafin a jima zauren ya watse, saura ni. Masu dako suna Zabarmanci, ma'aikata suna Faransanci. Ina zaune kan akwatin sai na ji an kira sunana, an ce, "Hajara. Sannu da hanya, ƙanwata. Ya gajiya?"

Wani dogo ne da farar riga mai guga, da alƙalami a aljihu. Hausarsa irin tamu ce ta gabas. Ya ce shi mutumin Tasawa ne, a nan yake aiki, Mushe ne ya bugo waya daga Faransa a kan a tarbi Hajara mai zuwa Damagaram, tun jiya yake zarya. Ya tambayi lafiyar mutanen gida, ya tambayi yadda na ga ƙasar annasara. Sai bakina ya kwance. Na ba shi labarin teku, da sanyi, da Kulu, da Ladi, da alkawarin da aka yi wa inna, yana ta cewa Allah sarki. Ya sayo mini lemo. Sannan ya ce jirgin Damagaram gobe da safe ne, amma sai an buga wa biye hatimi a cikin birni yau ɗin nan kafin ma'aikata su tashi. In kawo ya je ya dawo, kada in wahala da kaya. Na zaro ambulan daga cikin rigata na ba shi duka, ko buɗewa ban yi ba balle in ware kuɗin. Ya nuna mini inuwar wani itace, ya ce in zauna, kada in yi magana da kowa, Yamai akwai macuta.

Na zauna. Duk farar rigar da ta ɓullo sai in miƙe. Sai da aka kira magariba na sunkuyar da kai, idona ya faɗa kan kwalin da ke wuyana. Sunana, da Damagaram, da sunan Mushe, da manyan baƙaƙe, duk mai ido ya karanta. Na cire shi na danne da cinya. Ban yi kuka ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin da na zauna na ba shi, tun daga farko har ƙarshe.

A bakin hanyar filin akwai wata Bazabarma mai jiki, Hamsatu, tana sayar wa ma'aikata shinkafa da wake. Ashe tun la'asar take kallona. Da ta gama wanke tukwane ta zo ta tsaya a kaina, da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Mai farar riga?" Na gyaɗa kai. Ta yi tsaki, ta ce ba ni ce ta farko ba. Ta ɗora tukwanenta a ka, ta ce in ɗauki akwatina in biyo ta.

Gidanta da 'yar tazara. Mun yi sammako, amma kafin mu iso ƙaramin jirgin ya riga ya kunna. Hamsatu ta ja ni wurin akawu, ta yi masa bayani, na nuna kwalin. Ya ce ai Hajara ta shiga, ga ta can ma za su tashi. Ashe mai farar riga ya sayar wa wata biyena. Na leƙa, na ga jirgin yana gudu a fili, ya ɗaga, ya nufi gabas. Muka je wurin 'yan sanda. Suka tambaye ni sunan mutumin. Sai lokacin na lura bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba. Suka ce a rubuta wa Mushe. Na ce gidansu yana bakin teku, ƙofarsa shuɗiya. Suka dubi juna, suka sallame mu.

Hamsatu ta ce in zauna in taya ta aiki har in tara na motar Damagaram. Na zama mai wankin kwanoni. Ba ta taɓa yi mini gori ba, abin da ta ci shi nake ci. Amma in an koma gida da yamma suna hira da dariya da yarensu, ni ina gefen danga ina tsince wake, ba na gane komai sai sunana in ya gifta. Na kai kwat ɗin ulu da Madam ta ba ni kasuwa, mutane suka taɓa, suka dubi rana, suka yi dariya. Duk ranar jirgin gabas kuwa ina jin tashinsa a ƙirjina tun kafin in ji a kunne. In bi shi da kallo har ya zama kamar ƙuda, in koma kan kwano.

Wata safiya, ranar jirgin ce ma, na ji kukan jariri. Kukan yunwa ne da ya daɗe har murya ta dushe, duk wadda ta yi raino ta san shi. Na ɗaga kai. Wani gumiye ne, irin sojan raƙuma da muke gani a Tanut, da kakinsa da rawani, yana zaune a gindin bango. Ya rungume jariri a karkace, yana tura masa bibiro, kwalbar shan madara, a baki, madara tana gangarowa ta gefe. Na goge hannu na je na yi sallama.

"Malam, ina uwar?"

Ya ce, "Shekaranjiya muka binne ta."

Na karɓi kwalbar na ɗiga a bayan hannu. Madarar ta yi sanyi, ta yi kauri, bakin robar ma ya toshe. Na ɗebo tafasasshen ruwa a wurin Hamsatu, na wanke, na dama sabuwa daga gwangwanin da ke gefensa, na karɓi jaririn. Mace ce, ba ta fi 'yar kaza nauyi ba. Ta ƙi, ta ƙi, sannan ta kama. Muka tsaya muna kallon maƙogwaronta yana motsi.

Sunansa Mamman, mutumin Belbeji. Matarsa Zainabu ta kumbura da tsohon ciki, likitan Damagaram ya ce sai Yamai, gwamnati ta ba su takardar jirgi su biyu, zuwa da dawowa. Ta haihu, ta yi 'yan kwanaki, ta cika. Matan asibiti suka ba shi madarar gwangwani, suka nuna masa yadda ake yi sau ɗaya. Bai faɗi wannan a jere ba, da tambaya na riƙa cirowa, yana duban ƙasa. Da ya ji ni 'yar Ollelewa ce ya ɗago kai. Hamsatu ce ta ba shi labarina, ni na kasa. Sannan ya taɓa aljihun gabansa, ya ce, "Baiwar Allah, kujera biyu ce a nan. Ɗaya ba mai ita."

Na ce ai ba sunana ba ne a jiki. Ya ce in ja mayafi in riƙe 'yar, ba wanda zai tsaya duban fuskar matar gumiye. Hamsatu ba ta jira amsata ba. Ta tuɓe takalmi ta nufi gida, ban taɓa ganin ta yi sauri irin na ranar ba, ta dawo da akwatina a ka tana haki. Na ciro bargon inna zan ba ta, ta buge mini hannu. Ta ƙulle mini ƙosai a takarda, ta tura ni gaba.

Akawun nan ne dai a bakin ƙofa. Ya kira Zainabu. Mamman ya yi gyaran murya, na amsa. Akawun ya dube ni, kuma na tabbata ya gane ni, don kullum a kwanon da na wanke yake cin shinkafa. Ya dubi jaririyar. Ya ce mu wuce.

Wannan jirgin ba kamar na Faransa ba ne. Ƙara kamar injin niƙa, warin mai, buhunan wasiƙu a baya, yana faɗawa rami a sararin sama yana fitowa. Muka sauka Tawa, muka sauka Maradi. Duk saukar da za mu yi kunnen jaririyar ya toshe ta tsandara kuka, sai in sa mata ɗan yatsa ta tsotsa. Na tambayi Mamman sunanta. Ya ce ya yi mata huɗuba a kunne, amma ba a yanka rago ba, ba zai faɗa ba sai a gaban iyaye. Na riƙa ce mata 'Yar jirgi. Ni ce a wajen taga. Bayan Maradi ya yi magana ba tare da ya dube ni ba, ya ce da za su zo, a nan Zainabu ta zauna, ba ta iya ɗaga kai, ta ce ya duba mata ko ana ganin shanu. Na leƙa. Ana ganinsu, ƙanana kamar ƙwayar wake, suna bin gonaki. Gonakin kuwa duk an yanke, kara a kwance, rumbuna an rufe. Na san alkawarin inna ya wuce.

A tashar Damagaram kakin Mamman ya samo mana wuri a gaban kamiyo, babbar motar da za ta Tanut, kusa da direba. Mutane suna ta yi mana barka da arziki. Shi bai gyara musu ba, ni nake amsawa. Wata tsohuwa mai goro ta ga ina ba da bibiro, ta hau ni da faɗa, wai 'yan matan bariki sun lalace, mace da nononta tana shayar da ɗiya da kwalba. Na ce ta yi haƙuri.

Gaba da Bakin Birji muka sauka a wata mararraba, ranar kasuwa. Daga nan hanyar ƙauyenmu ta ware, tafiyar wuni bai cika ba. Ta Belbeji kuwa ta miƙe yamma, sai an kwana a hanya. Na san wurin. Na san rijiyar, na san aduwar da muke hutawa a gindinta in mun kawo hatsi. Har wani mai jaki na hango da na ga kamar ɗan ƙauyenmu ne. Mamman ya sami 'yan kasuwa masu komawa yamma, ya yi magana da su, ya dawo ya tsaya a gabana. Ya ce ga hanyarku nan, Allah ya saka, ya ga yadda nake yi, zai iya. Ƙanwarsa tana shayarwa a Belbeji, in dai ya kai 'yar can shi ke nan. Ya miƙo hannu biyu.

Na buɗe gwangwanin. Madarar ta kai gindi, in aka ɓata ko cokali ɗaya ba za ta kai ba. Ga jaririyar tun Damagaram cikinta yake gudu kaɗan-kaɗan. Na dubi hannuwansa, manya, duk kanta. Na dubi hanyarmu. Na ce masa ya nemo mini takarkari, ni ban iya hawan raƙumi ba.

Na goya ta, na hau bayan san, akwatina a gefe ɗaya, buhun gishirin wani a ɗaya gefen. Ban yarda na waiwayi aduwar nan ba. Duk inda aka tsaya Mamman ya hura wuta ya tafasa ruwa a butarsa ta shayi, ni in dama, ina kankare gindin gwangwani. Muka kwana a rugar wasu Fulani. Washegari da hantsi madarar ta ƙare, na koma ba ta ruwan sukari da bakin cokali. Kukanta ya ragu, wannan ya fi ba ni tsoro. Ina tafe ina kai hannu baya ina taɓa ƙafarta.

Da la'asar muka hango Belbeji. Abin da ban yi tunani ba, shi ma ina jin bai yi ba, shi ne labari bai riga mu zuwa ba. Yara suka hango Mamman a kan raƙumi, a bayansa mace da mayafi da goyo. Suka ruga cikin gari. Kafin mu kai ƙofar gida mata sun fito, guɗa tana tashi ta ko'ina. Mamman ya ɗaga hannu, ba wadda ta kula. Na sauko, ƙafafuna sun sage. Wata tsohuwa siririya ta ratso mutane tana cewa Abu, Abu, ta kamo kafaɗuna, ta yaye mini mayafi da hannunta.

Uwar Zainabu ce. Ta dube ni. Ta dubi Mamman. Shi ya durƙusa a ƙasa ya ja rawani ya rufe fuska. Guɗar ba ta tsaya gaba ɗaya ba, na baya ba su gani ba, suna ta yi, na gaba sun fara salati. Ni ina tsaye a tsakiya da 'yar mutane a bayana, ba wanda ya san ni, ba wanda na sani.

Ƙanwar Mamman ce ta fara dawowa hayyacinta. Ta zagayo ta kwance mini goyon, ta zauna a bakin ƙofa tana hawaye ta sa ta a nono. Jaririyar ta saba da roba, ta yi ta kau da kai. Na tsuguna na matso ɗigon nono na shafa mata a leɓe. Can ta kama. Na ji iska tana bugun bayana inda zufar goyon ta jiƙa.

Aka ba ni tabarma a gefe, aka manta da ni, ban kuma ga laifin kowa ba. Sai bayan magariba uwar Zainabu ta zo da ƙwaryar ruwa ta ajiye a gabana, ta zauna, ta riƙe wuyan hannuna. Ta ce, "Ɗiyata, ke kin gan ta? Ta sha wuya?"

Na ce, "Ban gan ta ba, inna. Kujerarta kawai na zauna."

Ba ta saki hannuna ba har aka kira lisha.

Da safe Mamman ya haɗa ni da wani kawunsa da za shi kasuwar Ollelewa. Ba a yanka ragon ba tukuna, ana zaman makoki, don haka ban ji sunan ba, har yau ban sani ba. Na leƙa ɗakin, jaririyar tana barci a jikin gwaggonta, cikinta ya tasa. Ban ɗauke ta ba. Mamman ya raka mu har bayan gari, ya fara godiya, bai ƙarasa ba, ya juya.

Muka kwana biyu a hanya, rana tsaka muka shiga ƙauyenmu. Tsit, maza suna daji, mata suna rijiya. Gidanmu ba kowa sai kaji. Na ajiye akwatin, na zauna a kan turmin da ke kife. Dangar ta faɗi ta gefe guda, an tokare ta da itace. Na daɗe a nan. Sannan na ji takun ƙafa, inna ta shigo da tulu a ka, ta rame, a bayanta wata yarinya doguwa mai giɓi tana riƙe da guga. Na miƙe. Na manta 'yar fari ce, na manta a gaban inna nake, na buɗe mata hannu biyu yadda annasaru ke yi, kalmar da ta fito bakina kuma ta Faransanci ce, wadda nake kiran Kulu da ita. Ladi ta saki gugan ta ɓuya bayan zanen inna.

Inna ta tsaya tana dubana, ruwa yana ɗiga mata a kafaɗa. Ta ce, "Ƙyale ta. Zo ki sauke ni."

Na kama tulun muka sauke tare. Ya kai ƙasa, amma ba ta saki damatsana ba. Ta ce mutane sun ce mata ta fidda rai, annasara ba ya mayar da abin da ya ɗauka.

Da yamma gidan ya cika, kowa yana son jin yadda jirgi yake, ko gaskiya ne ana cin abinci a cikinsa. Na ba su abin da ya sawwaƙa. Da suka watse inna ta kwashe tuwo, muka zauna mu uku a kan akushi ɗaya. Ladi tana can ɗaya gefen, tana ci tana satar kallona. Can ta karkata wajen inna, da muryar da take jin ta yi ƙasa, ta ce, "Baƙuwar nan kwana za ta yi?"

Inna ta ce ta tambaye ni da kanta. Ba ta tambaya ba, ta dai zuba mini ido. Na ce kwana zan yi.

"Gobe fa?"

Na ce gobe ma.

Ta yi ɗan tunani. Sannan ta mayar da hannu cikin akushi ta ci gaba da cin tuwonta.